Hanyar Janar Ba Ta da Kwalbati

Maganar da ta fi yawo a layin ita ce wai mai gyaran keken ɗinki yana da sojoji a ɗakinsa na baya. Ba biyu ba, ba goma ba, runduna guda da motocinta da manyan bindigoginta. Mai shagon aski ya rantse ya taɓa jin ana fareti da hantsi, lokacin da mai gidan yana wurin aiki. Wata mai kitso ta ce ai sojojin gaske ne, wani abu ya fesa musu suka ƙanƙance, shi ya sa in ta kai keke gyara ba ta yarda ta tsaya kusa da gwangwanin mansa. Har an sami wanda ya ce matar mai gyaran buhu guda take dafawa kullum, kuma ba ya isa.

To, a kwantar da hankali. Sojoji kam akwai su, ɗari takwas da goma sha biyu, in ba a sa da wanda kyanwa ta haɗiye ba. Sai dai mafi tsayi a cikinsu, in ya miƙe iyakar miƙewa har da hular kwano, bai wuce ƙwayar wake ba. Na dalma ne. Ba sa ci, ba sa sha, ba sa fareti. Ƙarar da mai aski ya ji, tsohuwar fankar ɗakin ce take kukan mai. Wanda ya fara baza labarin kuwa har yau ba a gano shi ba, ko da yake dangi sun haɗa baki suna nuna taubashinsa, direban motar ɗaukar kaya, bawan Allah da bai taɓa ƙara wa magana gishiri ba sai in ya ji ta yi lami. Shi ne dai ya laƙa masa suna Janar, wannan kam ya amsa laifinsa. Sunan ya bi shi, har teloli in keke ya ƙi tafiya sai su ce a kai wa Janar.

Da mutanen layin sun san abin damuwa, da ba sojojin za su tsaya yi wa surutu ba. Filin da sojojin suke yaƙi a kai shi ne matsalar. Shekara bakwai Janar ya yi yana gina shi a cikin ɗakin nan, kuma sai a makon da ya zama dole ya ba mahaifinsa ɗakin ya gano cewa filin ba zai fita ta ƙofa ba. Amma bari a bi abin daga tushe.

Janar tun yana yaro hannunsa ya fi bakinsa aiki. Mahaifinsa foman ne na leburorin hanya, wanda in ya tafi aiki sai a yi wata biyu ba a gan shi ba, ya dawo takalmansa sun yi nauyin bulo saboda laka, ya dubi katangar gida ya ce ta karkace, ya dubi 'ya'yansa ya ce su ma haka. Yabo daga bakin Baba Foman, dangi sun ce an taɓa jin sa sau ɗaya, kuma wani kwalbati ya yaba, ramin nan na siminti da ruwa ke bi ta ƙarƙashin titi. Yaron ya taso shiru-shiru, yana kwance duk abin da aka ɗaure da noti, har ya kwance hanyarsa zuwa gyaran keken ɗinki. Shagonsa in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fita kafin ɗayan ya juya. Kawunan kekuna jere a kan kanta, gwangwanayen madara cike da ƙananan ƙarafa, warin mai ya kama har kalandar bango. In aka kawo masa keke ba ya tambayar me ya same shi, sai ya murza shi sau biyu, ya kara kunne, ya ce, "Wa ya sa masa man gyaɗa?" Mai keken ya sunkuyar da kai.

Sojojin kuwa gadonsu ya ci, daga mamacin da bai taɓa gani ba. Wata rana aka jibge masa tsohon keke da teburinsa, na wani tela da ya rasu, 'ya'yansa suka ce ya cire abin da zai amfane shi. A can ƙuryar aljihun teburin ya tarar da gwangwanin alawa, a ciki 'yan sojoji shida ruwan toka, ba fenti. Ya ɗauki ɗaya da hantsaki, ya sa a ƙarƙashin gilashin da yake duba haƙoran keke da shi. Sai ya ga rigar sojan tana da maɓallai. Huɗu. Ya yi ta kallon maɓallan har shayinsa ya huce. Daga baya ya gaya wa matarsa cewa duk wanda ya zauna ya yi wa abu kamar wake maɓalli, bai kamata a bar masa aikinsa a rabi ba. Matar, wadda nas ce a wani ƙaramin asibiti kuma ta saba gane cuta tun ba ta yi ƙarfi ba, ta ce tun ranar ta san wannan ba ta jin magani.

Sauran sojojin ta gidan waya suke zuwa, a ƙananan ambulan, tsirara kamar na farkon. Kowanne sai ya kankare masa kaifin dalma da reza, ya ɗiga gam a kan murfin kwalba ya tsayar da shi, don a sami wurin riƙewa. Sannan fenti. Buroshinsa, Taubashi ya ce ya ƙirga, gashi uku ne, ɗaya ma yana hutu. Kaki tukuna, sai bel, sai takalmi, sai fuska, wadda ɗigo ɗaya ce amma sai ya riƙe numfashi kamar mai nutso kafin ya ɗiga. In duk sun bushe sai ya dama baƙin fenti da ruwa ya yi tsululu, ya shafe sojan da shi gaba ɗaya. Ranar da Taubashi ya fara ganin haka har kama hannunsa ya yi, ya ce wannan ai zalunci ne, kwana uku kana yi wa mutum kwalliya ka zo ka watsa masa ruwan kwata. Janar ya ce ya jira. Ruwan ya gangara ya kwanta a cikin kowane ninkin riga, sai ga aljihu ya fito, ga igiyar bindiga, ga maɓallan nan huɗu. Ruwan dauɗa yake kiransa. Ya ce soja mai tsabta fes bai je ko'ina ba.

Bayan haka sai wurin tsayawa. Uku-uku ko huɗu-huɗu yake manna su a kan ɗan yankin kwali mai faɗin kan sarki, ya shafa gam tsakanin ƙafafunsu, ya barbaɗa yashi. Ba kowane yashi ba, sai wanda ya bi ta matacin shayi. Ciyawa garin katako ce da ya rina kore, kala uku, don a cewarsa ciyawar gaske ba ta taɓa yarda ta zama kala ɗaya ba. Duk wannan da safe yake yi, awa guda kafin ya tafi shago, a bakin taga. Ya ce ƙwan lantarki maƙaryaci ne, kakin da ka haɗa a ƙarƙashinsa in ka fito da shi rana sai ka ga ya koma kalar ruɓaɓɓen ganye.

"Maigida, ina matacin shayina?"

"Yana bakin aiki."

"Na uku ke nan a bana. Soson wanke-wanken fa?"

"Ya zama daji."

Haka yake kuwa. Waya ce yake murɗawa ta yi rassa, ya tsattsaga soso ya manna ya zama ganye. Farin kumfan nan da ake naɗe sabon firiji da shi ya zama tsauni. Kwalayen magani suka zama ƙauye mai gida goma sha ɗaya, rufin kwanonsu kuwa cikin katan ne da ya ɓare masa fata. Daga shago, karyayyun allurai suka zama turakun waya, tsohon bobin, ɗan ƙarfen nan da ake naɗe zaren keke a kai, ya zama tankin ruwa. Nas tana faɗa, amma ita ce in ta ga kwali mai kyau za a zubar a asibiti take duba hagu da dama ta cusa a jaka.

Duk wannan duniya a kan katako take, fale-falen da ya shigo da su ɗaya-ɗaya ya haɗe da ƙusa a cikin ɗakin, ya yaɓe da filasta. Ƙafa tara tsawo, bakwai faɗi. Tsauni ya bi gefe ɗaya, kogi ya bi ɗaya gefen, hanya ta ratsa tsakaninsu, ta shiga ƙauye, ta karya kwana ta hau gada. Gadar nan wata huɗu ta ci, da tsinken ashana aka yi ta. Kogin kuwa gam ne da man sheƙin katako, shafi goma sha huɗu, har kyanwa ta taɓa hawowa sha.

Ranar Lahadi da la'asar ake yaƙi. Taubashi ya riƙe rundunar tsauni, Janar ta kogi, da ƙwayar lido da tef ɗin awo a tsakani. Sojan ƙasa inci huɗu yake tafiya, mota goma, igwa tana kai wa ashirin, kuma lambar da ƙwaya ta nuna ita ke faɗin an samu ko an kuskure. Taubashi yakan yi tari, ya ɗan tura motarsa gaba da ƙaramin yatsa. Janar ko ɗaga kai ba ya yi. "Mayar da ita. Rabin inci." Mutum ne da ya auna komai a ɗakin nan, har tsayin ciyawa.

Baba Foman bai taɓa ganin filin ba. Tun da ya yi ritaya yana zaune wurin Yaya, babbar 'yarsa, a hawa na uku na wani bene a ɗaya gefen gari. In ya kawo ziyara falo yake zama, ya sha shayi, ya ce tayil ɗin ƙasa bai daidaita ba, ya tafi. Janar kuwa da ya ji tsayuwar mota sai ya murza wa ɗakin baya makulli. Dalili, Yaya ta taɓa ba tsohon labarin sojojin tana dariya, shi kuma ya ce, "Har yanzu bai daina wasan 'yartsana ba?" Kalma bakwai ce. Janar yana da shekara arba'in da shida da furfura a gemu, amma suka tokare masa ƙirji kamar ya haɗiye bobin.

Sai ga Baba ya zame a banɗaki, ƙashin ƙugu ya tsage. Aka yi aiki, aka dace, amma likita ya ce shi da matakala sun yi sallama. Gidan Janar a ƙasa yake, ɗaki biyu da falo. Yaya ta kira shi a waya tana ta kewaye-kewaye, bai bari ta kai ƙarshe ba ya ce, "Ɗakin na Baba ne, Yaya. Yaushe za a sallame shi?" Ta ce Asabar mai zuwa. A nan kam ko Taubashi bai sami abin tsokana ba.

Washegari Taubashi ya zo da mota, a kai filin wani sito da maƙwabcin shagon Janar ya ara masa. Suka kwashe sojoji suka jera a kiret ɗin ƙwai, suka tattara kwalaben fenti. Sannan Taubashi ya kama gefe ɗaya, ya dubi filin, ya dubi ƙofa, ya sake duban filin, ya saki.

"Janar, ara mini tef ɗin nan naka mai albarka."

Janar bai ba shi ba. Da kansa ya je ya auna, daga dokin ƙofa zuwa sama. Ya auna sau biyu. Ya koma ya auna taga, ko da yake tana da ƙarfe.

"Nawa?"

"Shida da rabi."

"Filin fa, in an kafa shi a kan gefensa?"

"Ka sani."

"So nake in ji daga bakin hukuma."

"Bakwai."

Taubashi ya zauna a ƙasa don dariyar ta sami wurin fita. "Shekara da shekaru kana tsare ni a kan rabin inci. Ka auna gashin bakin kurtu, ka auna ciyawa, ƙofa guda ɗaya tak da ɗakin nan yake da ita ba ka auna ba." Sai ya ga fuskar ɗan'uwansa, dariyar ta koma ciki da kanta.

Aka kira kafinta. Ya zagaya filin hannu a baya, ya ƙwanƙwasa tsauni, ya ce abu mai sauƙi, gida huɗu zai raba shi da inji, minti goma. Filastar za ta farfashe, amma abin da ya tsira ya tsira. Janar ya yi masa godiya, ya raka shi har titi, ya dawo ya jingina da bango.

Kwana uku yana neman inda zai yanka. Ya ɗauki zaren ɗinki ya ja shi tamau daga wannan gefe zuwa wancan, a miƙe sambal, yana matsar da shi inci-inci. Nan zaren ya bi ta tsakiyar ƙauye. Ya matsa, ya bi ta ramukan igwa a kan tsauni. Ya matsa, ya faɗa kan gada. Ko'ina ya ja sai layin ya kashe wani abu, kuma ko da an sake haɗawa, tabon zai tsaya a miƙe a tsakiyar daji kamar ɗinkin tiyata. A shago ya sa wa keken wata mata allura a juye, abin da bai yi ba tun yana koyo. Ranar Laraba da safe ya ce wa Nas ta aika wa kafinta ya zo Juma'a da injinsa. Ta dube shi, ta ƙara masa sukari a shayi.

Asibiti kuwa suna bukatar gadonsu, ba su jira Asabar ba. Ranar Alhamis da rana tsaka Nas ta kira Janar, ya rufe shago ya taho da mai a hannu, ya tarar da tasi a ƙofar gida. Yaya ce da Taubashi suka ɗauko tsohon, har an zaunar da shi a keken guragu, sanda a kan cinya.

"Ina ɗakin?" in ji Baba, bayan an gaisa.

"Baba, a ɗan huta a falo tukuna. Ba a gama gyara shi ba."

"Mako biyu ina hutawa. Kai, tura ni." Wannan da Taubashi yake.

"Kawu, ai barikin soja ne ciki, sai da izini."

"Tura ni ko in tura maka sandar nan."

Keken ya tsaya a bakin filin. Tsohon ya sa tabarau. Janar ya tsaya a bayansa yana goge hannu da tsumma, hannun da ya riga ya goge, yana jiran kalmar 'yartsana ta faɗo. Baba ya bi tsaunin da ido, ya gangaro ƙauye, ya daɗe a kan gada. Sai ya miƙa sanda a hankali ya nuna hanyar, bai taɓa ta ba.

"Wa ya yi wannan hanyar?"

"Ni ne, Baba."

"Ina ruwa yake bi?"

"Ruwa?"

"Ga tsauni a sama, ga kogi a ƙasa, ka shimfiɗa hanya a tsakani. In aka yi ruwa a kan tsaunin, ta ina zai je kogi? Tsalle zai yi?" Ya bi hanyar da sanda daga farko har ƙarshe. "Ba kwalbati ko ɗaya. Damina guda, motocin nan naka duk a laka za su kwana. Abokan gaba ba sai sun ɓata harsashi ba."

"Baba, ai ba a ruwan sama a nan," in ji Yaya.

"Ciyawar fa, da me ta yi kore?"

Ya ce a kawo masa kofin ruwa. Janar ya ji kamar an ce a kawo wuƙa. Ya yi sauri ya lalubi aljihu, ya fito da ƙwayar boris, 'yar ƙwallon ƙarfen nan ta cikin keke, ya ce ko wannan za ta yi. Baba ya juya ta a tafin hannu, ya ce a ɗora ta a wuyan tsaunin, tsakanin ƙololuwa biyun can, a saki. Ƙwayar ta gangaro, ta kauce wa ramukan igwa, ta yi kwana ta bayan wani dutse, ta bi wani ɗan kwari da Janar bai ma san ya yi shi ba, ta ƙetare hanya yatsa huɗu kafin gidan farko na ƙauye, ta ratsa gona, ta tsaya a kogi. Baba ya ce a sake. Aka sake sau uku, sau uku tana bin wuri guda.

"An gaya mini a mota za ka farfasa shi saboda ni." Ya harari Taubashi, wanda ya shiga duban silin. "Nan za ka yanka. Inda ta bi."

"Ai bai miƙe ba, Baba."

"Ka taɓa ganin ruwa ya miƙe? Layin da ya miƙe, ido daga nesa ya san hannun mutum ne. Wannan in ka yanka, rafi ne. Inda ya ƙetare hanya ka sa kwalbati ya rufe bakin. Inda ya shiga kogi ka zuba duwatsu, dama can ruwa yake tara su. In kana so ka raba, ka raba. In kana so ka haɗa, ka haɗa."

Janar ya dubi zaren ɗinkin da ke rataye a gefen filin, ya naɗe shi a yatsa, ya sa a aljihu.

"Shekara nawa ka yi a kansa?"

"Bakwai, Baba."

Tsohon ya gyaɗa kai, idonsa a kan hanyar. "Talatin da ɗaya na yi ina yin hanya. Kullum ina cikin rami, kaina a ƙasa. Ban taɓa ganin ko ɗaya daga sama haka ba." Nas ta juya ta shiga gyara labulen da ba abin da ya same shi. Janar ya buɗe baki.

"Gefen hanyar ma ya yi siriri," in ji Baba.

Ranar Juma'a kafinta ya zo da injinsa, Baba ya sallame shi daga bakin ƙofa, ya karɓe masa siririn zarto na hannu. Janar ya zana hanyar ƙwayar da alli, ya fara yanka bayan karin kumallo. Taubashi yana ƙarƙashin filin ya tallafe shi da ƙeya da kafaɗu, garin katako yana zubo masa a ido, yana roƙon a gaya wa iyalinsa ya mutu a fagen fama. Nas tana bin filasta da tsintsiya. Baba yana kan kekensa yana ba da oda: "A hankali. Hagu. Na ce hagu, hannun da ba ka ci da shi." A wuyan tsaunin zarton ya cije, filasta ta yi ƙara, Baba ya ce a fitar da zarton, a shafa masa sabulu, a shiga ta ɗaya gefen. Sai bayan la'asar filin ya rabu gida biyu. Asarar yaƙi: bishiya biyu, kusurwar gona ɗaya, da wuyan Taubashi, wanda ya yi mako guda yana gaida mutane a karkace.

Suka kafa rabi ɗaya a gefensa, mai ƙauye da gada, suka nufi ƙofa da shi. Ya wuce, har da sauran wuri. Nas ta matsar da babbar kujerarta a falo ta ba shi bango guda. Da suka dawo ɗaukar ɗaya rabin, Baba ya gicciya sanda. Ya ce gadonsa na mutum ɗaya ne, zai shiga inda aka cire wancan, wannan a bar shi a nan, akwai gyare-gyare da yawa a jikinsa.

Akwai su kuwa. Awar nan ta safe a bakin taga yanzu ta mutum biyu ce, ɗaya da hantsaki, ɗaya da sanda. Kwalbatin da bututun biro aka yi shi. Na farko Baba ya ce ido ɗaya ya yi kaɗan ga tsauni mai wannan girman. Na biyu ya ce bakin shigar ruwa ba shi da katanga, ƙasa za ta zaizaye. Na uku ya sa aka leƙa masa da gilashi, ya ce bututun ya kwanta daidai, alhali sai ya ɗan sunkuya wajen kogi, in ba haka ba ruwa zai zauna a ciki ya tara sauro. Sannan ya ce wace irin runduna ce ba ta da lebura ko ɗaya. Janar ya zaɓi sojoji biyar, ya goge musu bindigogi da reza ya mayar shebur, ya tsayar da na shida a bayansu riƙe da ƙugu. Baba ya daɗe yana kallon na shidan, ya ce tumbin ya yi yawa, amma ya sa aka ajiye masa shi a kan durowar gefen gado, kusa da maganinsa.

Ranar Lahadi da la'asar Taubashi ya zo a haɗa filin a yi yaƙi, ya tarar ba yaƙi. Janar yana durƙushe, gilashi a ido, yana kwance kwalbati karo na huɗu, sandar Baba tana shawagi a saman kansa.

"Sannu da aiki, Janar. Ko in ce lebura? Daga jan runduna an dawo haƙar kwata. Kawu, in ya yi ƙoƙari a ƙara masa girma zuwa mai wanke shebur."

Janar bai ɗago ba. Ya ɗiga gam, ya hura, ya daidaita bututun da bakin allura.

"Jiya ni da Baba mun auna abin da ke kwararowa daga bakinka a rana," in ji shi. "Ya ce kwalbati mai ido biyu ba zai ɗauke ba. Kai sai gada."